Wanda Ya Suma da Wanda Ya Ce a Ƙara

A cikin shekara ta 2003 wani marubuci mutumin Amurka, sunansa Chuck Palahniuk, ya yi ta yawo gari gari yana karanta wa jama'a wani gajeren labari da ya ƙaga. Ba majigi a wurin, ba hoto ko ɗaya. Mutum ne kurum a tsaye, da takarda a hannunsa, yana karatu. Labarin kuwa na mugun rauni ne da wani yaro ya ji a wurin iyo, an kuma bayyana raunin dalla-dalla, ba a ɓoye kome ba. Kafin ya kai ƙarshe sai a ji wani ya zame daga kan kujera ya faɗi sumamme. A gari na biyu haka, a na uku ma haka. Zuwa 2005 shi da kansa ya lissafta fiye da mutum 60 waɗanda suka suma. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, ba su kuma daina sayen littafinsa ba.

Labarun ban tsoro ba baƙi ba ne a duniya, kowace kabila tana da nata. Amma wajen shekara 40 ke nan da waɗansu marubuta a Ingila da Amurka suka ɗaura niyya ba za su ƙara jan labule a kan kome ba. Inda marubutan dā su kan ce an kashe wane, su wuce, waɗannan sai su tsaya su cika shafi biyar ko goma da yadda wuƙa ta shiga da abin da ya fito. Clive Barker na Ingila yana cikin na farkonsu, da littattafansa masu suna Books of Blood na 1984 da 1985. Waɗanda suka biyo bayansa sun wuce shi nesa. Yau har akwai ƙananan kamfanoni waɗanda ba su da wata sana'a sai buga irin waɗannan.

Dā muna iya cewa wannan ciwon Turawa ne, ina ruwanmu. Yanzu kuwa littafi ba ya jiran jirgin ruwa. Yaron da ya iya Turanci yana iya samunsa cikin waya da tsakar dare, uwa tasa tana barci a ɗaki na kusa. A TikTok kuma masu karatu suna ɗaukar hoton fuskokinsu sa'ad da su ke karanta wurin da ya fi muni, suna gasa, wane ya kai ƙarshe, wane ya kasa. Domin wannan ya kamata mu yi tambaya, ya ku 'yan'uwa, mu kuwa yi ta da gaskiya. Idan wanda a ke yankawa cikin littafi bai taɓa rayuwa ba, jininsa kuma tawada ce, wa aka cuta? Ina laifin mai karatu?

Amsa mai sauri ita ce a tara su a cinna musu wuta, gama za su mai da 'ya'yanmu masu kisankai. An riga an gwada wannan amsa a Amurka, yana da kyau kuma mu ji yadda ta ƙare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗansu ƙananan littattafai masu zane-zane, na kisa da na fatalwa, suka cika kantuna, yara suna saya da ɗan kuɗin da ke hannunsu. A 1948 aka tara su a filin makaranta a waɗansu garuruwa aka ƙone. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa zane-zanen nan su ke lalata yara. Cikin watan Afrilu na shekarar wani kwamiti na Majalisar Dattawa ya zauna a New York, William Gaines kuwa, mai buga irin littattafan, ya zo gabansu. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga ɗaya ya nuna masa. A bangon ga mutum riƙe da gatari mai jini a hannu ɗaya, da kan mace a ɗaya hannun. Ya tambaye shi ko wannan ya dace. Gaines ya amsa cewa ya dace da bangon littafin ban tsoro, amma da an ɗaga kan sama kaɗan har an ga jini yana ɗiga daga wuya, to, da an wuce gona da iri. Jaridu suka kwashe maganar. Kafin shekara ta ƙare masu buga littattafan suka kafa wa kansu doka mai tsanani, a 1955 kuma Ingila ta yi dokar hana bugawa da sayar da irinsu.

Ashe ba a gama ba tukuna. A 2010 aka buɗe takardun likitan nan ga masu bincike. A 2012 wata malama ta Jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta gwada abin da ya sa cikin littafinsa da abin da yaran suka faɗa masa. Sai ta tarar ya sake shekarun waɗansu, ya haɗa maganar yara dabam dabam ya mai da ita ta yaro ɗaya, ya kuma yi shiru a kan wahalar da waɗansunsu ke sha a gida. Ba mugun mutum ba ne. Shi ne ya buɗe wurin magani domin matalauta a Harlem, unguwar baƙar fata, a 1946. Amma shaidar zur ba ta zama halal domin an yi ta da kyakkyawar niyya. Dubban dubbai sun karanta zane-zanen nan, sun girma, ba su kashe kowa ba. Idan muka gaya wa saurayi littafi zai mai da shi mai kisa, shi kuwa ya san abokansa goma da suka karanta suna nan lafiya lau, daga ran nan ba zai ƙara jin maganarmu ba.

Akwai kuma masu cewa duk rubutun da ke da jini a ciki ƙazanta ne. Waɗannan sai mu roƙe su su buɗe Littafin Mahukunta. A can ne Yayel ta kafa wa Sisera turken alfarwa a kai yana barci. A sura 19 kuma akwai labarin da ba safai a ke karanta shi ran Lahadi ba, yadda mutanen Gibeya suka yi wa ƙwarƙwarar wani Balawe fyaɗe dukan dare, maigidanta kuma ya yanka gawarta gunduwa 12 ya aika ko'ina cikin Isra'ila. Kan Yohanna Mai Baftisma ma a akushi aka kawo shi wurin biki. Idan mudu za mu ɗauka mu auna jini, ko littafin da mu ke zuwa sujada da shi ba zai tsira ba. Labudda maganar ba a yawan jini ta ke ba.

Su masu karatun kuwa me su ke cewa? Da yawa su kan ce abin kamar barkono ne. Misalin nan ba na banza ba ne. Wani malami na Jami'ar Pennsylvania, Paul Rozin, ya daɗe yana binciken abin da ya sa ɗan adam ke son yaji, har ya je wani ƙauye a Meziko. Ya ga yara suna koyon cin barkono sannu sannu har su ƙaunace shi, amma karnuka da aladun ƙauyen, ko da ya ke ragowar abinci mai yaji su ke ci kullum, ba su koyi sonsa ba. Mutum ne ke jin daɗin abin da ke gaya wa jikinsa ga wuta, alhali hankalinsa ya san ba wuta. Malamin ya kuma lura mutane sun fi son zafin da saura kaɗan ya fi ƙarfinsu. A 2020 malaman Jami'ar Aarhus ta ƙasar Danmak suka ba da labarin wani gwaji. Sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka bar su su shiga wani gida da aka shirya musamman domin tsorata baƙi. Abin da suka samu ya yi daidai da na barkono. Tsoro kaɗan ba daɗi, tsoro mai yawa ba daɗi, daɗin yana tsakani.

Mu ma mun san wannan tun muna kan tabarmar kaka. Dodo ya haɗiye yarinya, muna makyarkyata, muna matsowa jikin tsohuwa, gobe da dare kuma mu ce a sake mana. Tsoron da yaro ya ji a wuri mai lafiya ya kan koya masa riƙe zuciya. Akwai ma waɗanda suka sha azaba da gaske cikin rayuwarsu, suna cewa littafin da bai ɓoye kome ba shi ne ya fara faɗin gaskiyar abin da ya same su, bayan kowa ya ce su yi shiru. Ba mu da ikon ƙaryata su.

Amma misalin barkono yana da wutsiya. Harshe yana sabawa. Yajin da ya sa mu hawaye bara, bana ba mu jinsa, sai an ƙara. Abin da a ke dakawa cikin wannan turmi kuwa jikin mutum ne. A birnin Paris an yi wani ɗan gidan wasan kwaikwayo mai suna Grand Guignol, daga 1897 zuwa 1962. Ginin dā ɗakin sujada ne, siffofin mala'iku da aka sassaƙa suna nan a sama suna duban masu kallo. Kujerunsa ba su kai 300 ba. Kowane dare a kan ƙwaƙule ido, a yanke maƙogwaro, duk da jinin ƙarya. Wani shugaban gidan, Max Maurey, har likita ya ɗauka aiki domin masu suma, da yawan masu suma kuma ya ke auna ko wasa ya yi kyau. Shekara bi shekara sai an nemo sabuwar azaba, gama ta bara ta tsufa. Da aka zo rufe gidan, shugabansa na ƙarshe ya ce ba yadda za su yi su kamo abin da mutanen Hitler suka yi da gaske a sansanin Buchenwald. Kafin yaƙi masu kallo suna tsammani abin da su ke gani ba ya yiwuwa. Bayan yaƙi sun sani yana yiwuwa, har da wanda ya fi shi.

Wanda ya fi kowa bayyana mana abin da ke faruwa cikin zuciyar mai kallo ɗan Afirka ne, ya kuwa yi rubutunsa wajen shekara ta 400. Agustin, mutumin Tagaste cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, yana da aboki ɗan garinsu, sunansa Alifiyus, wanda ya tafi Roma koyon shari'a. A zamanin nan a kan tara jama'a a babban dandali, a sa mutane su yi faɗa da takobi har jini ya zuba. Alifiyus yana ƙyamar abin ƙwarai. Wata rana abokan karatunsa suka gamu da shi a hanya, suka ja shi da ƙarfi irin na wasa. Ya gaya musu jikinsa kaɗai za su iya kaiwa wurin, idonsa da hankalinsa ba za su shiga ba. Suka sami wuri suka zauna, ya rufe ido gam. Kunne ne bai toshe ba. Can wani cikin masu faɗan ya faɗi, jama'a duka suka ɗauki ihu. Alifiyus ya ce a ransa bari ya duba sau ɗaya, ko mene ne zai rena shi. Ya buɗe ido, ya ga jini, bai kuwa kau da kai ba. Ya zuba ido, ya yi ihu tare da masu ihu, abin ya bugar da shi kamar giya. A ganin Agustin, raunin da abokinsa ya ji a rai ya fi na wanda ya faɗi a fili. Daga ran nan shi ke riga abokan zuwa, yana kuma jan waɗansu.

Mu lura fa, Alifiyus bai kashe kowa ba. A wurin aikinsa ma an san shi da ƙin cin hanci. Da likita Wertham ya bi sawunsa, da bai sami abin rubutawa ba. Abin da ya ɓace masa ba ya shiga littafin 'yan sanda. Da safe yana da zuciyar da ke ƙyamar ganin an kashe mutum, da yamma ta tafi. Ya shiga dandali yana gefen wanda ya faɗi, ya fito yana gefen masu tafi. An daɗe kafin ya warke. A 387 aka yi masa baftisma tare da Agustin a Milan, daga baya ya zama bishop na garinsu.

Wani zai ce, ai a Roma mutum ne na gaske ya faɗi, a littafi kuwa ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, bambancin kuma babba ne, ba za mu rage shi ba. Mai karatu bai biya kuɗi an kashe ɗan kowa ba. Amma mu tuna da mutanen nan da suka zame daga kan kujera. Yaron da ke cikin labarin na ƙarya ne, suman kuwa na gaske. Idan tsoron da tawada ta haifa ya isa ya kayar da ƙato, to, daɗin da tawada ta haifa shi ma na gaske ne, cikin zuciya ta gaske kuma ya ke zama. Zuciyar da mutum ya yi karatu da ita da dare, da ita zai tashi ya dubi matarsa da maƙwabcinsa da safe. Ba shi da ta biyu a ajiye cikin akwati.

Domin wannan, a ganinmu, tambayar da ta fi amfani ita ce, ina marubuci ya ba mu wurin zama? Mai ba da labari kamar mai masauki ne, shi ke nuna wa baƙo tabarmarsa. Wani ya kan zaunar da mu kusa da wanda a ke cuta har mu ji numfashinsa. Wani ya kan kai mu cikin masu ihu, ko ma ya sa mana wuƙar a hannu. Mu koma Gibeya mu gani. Daren nan duka, da dukan abin da aka yi cikinsa, aya ɗaya ya ci. Inda marubucin ya tsaya ya nuna mana da kyau shi ne da asuba, sa'ad da macen ta komo ta faɗi a ƙofar gidan da maigidanta ke ciki, hannuwanta a kan dokin ƙofa. Ba a faɗa mana sunanta ba, amma wanda ya karanta ba ya manta hannuwan nan. Haka kuma masu rubuta Bishara. Mutanen zamaninsu sun san gicciye sarai, a bakin hanya a ke yinsa, amma da kalma biyu uku suka faɗi an gicciye Yesu. Ƙusoshi ma sai a bakin Toma muka ji labarinsu, bayan tashinsa.

Kada a ce Littafi Mai Tsarki kaɗai ya iya wannan. Cikin littattafan da mu ke magana a kansu akwai ɗaya da masu karatunsu kan ce yana cikin mafi wuyar gamawa, watau The Girl Next Door na Jack Ketchum, wanda ya fito a 1989. Tushensa gaskiya ne. A 1965 a birnin Indianapolis wata yarinya mai shekara 16 ta mutu a gidan matar da iyayenta suka ba riƙonta, ita da ƙanwarta, ana biyan dala 20 a mako. Matar da 'ya'yanta da waɗansu yaran unguwa suka yi ta azabta ta wajen wata uku. Maƙwabta sun ji kuka, ba wanda ya cece ta. Ketchum bai sa labarin a bakin matar ba. Ya sa shi a bakin wani yaro maƙwabci mai shekara 12, wanda ya ke son yarinyar, ya ke sauka ɗakin da aka kulle ta yana kallo, kullum yana jinkirin yin abin da ya san ya kamata. Watau ya zaunar da mai karatu a kujerar Alifiyus, ya kuma hana shi jin daɗin kujerar. Da aka zo kan abu mafi muni, sai ga babi mai 'yan layuka kaɗan, mai ba da labarin ya ƙi faɗi. Ba mu ce a ba yaro littafin nan ba, manya da yawa ma gara su bar shi. Amma wanda ya gama shi kunya ya kan ji, ya tambayi kansa kukan wa ya taɓa ji ta katanga ya yi shiru.

Ga kuma American Psycho na Bret Easton Ellis. Kamfanin da ya fara karɓarsa ya janye hannu a ƙarshen 1990, ko da ya ke ya riga ya biya marubucin, wani kamfani ya buga a 1991. A Ostareliya aka ce sai a rufe cikin leda za a sayar, ga wanda ya kai shekara 18 kaɗai. Labarin duka daga bakin mai kisan ya ke fitowa, wani saurayi mai kuɗi a New York, wanda ke lissafta sunayen tufafinsa da gaɓoɓin matan da ya kashe da murya ɗaya. Masu kare littafin suna cewa ba'a ce a ke yi wa masu bautar dukiya, waɗanda mutum da takalmi duk kaya ne a wurinsu. Mun ji wannan, akwai kuwa gaskiya a ciki. Amma wa'azin ya riga ya shiga kunne tun kisa na farko. Sauran shafuffukan domin wa aka rubuta su? Yawancin matan da ke ciki ba su da uwa, ba su da jiya, an shigo da su ne domin a yanka. Littafin yana zargin mai mai da mutum nama, shi ma kuwa ya mai da su nama. Da yawa cikin waɗanda a ke gasa da su a waya, ko wannan hujja ba su da ita.

Marubuci ke nuna tabarma, amma mai karatu ma yana da abin dubawa cikin kansa, ba kuwa wanda zai duba masa. Fasto ba ya iyawa, uba ba ya iyawa. Sa'ad da muka rufe littafi, wa mu ke tunawa, wanda aka cuta ko dabarar cutar? Abin da ya hana mu barci bara, bana hamma ya ke sa mu? Muna tsallake shafuffukan da mutane ke zance da juna domin mu yi saurin kaiwa wurin jini? Shi ya sa ba mu yi wa masu suman nan dariya. Jikinsu ya ƙi yarda a yi wa ko yaron ƙarya haka. Wanda mu ke ji wa tsoro shi ne na kusa da su, wanda ya zauna daram, ya dubi agogo, ya ce ashe iyakarsa ke nan.

Kafin mu nuna 'ya'yanmu da yatsa dai, mu dubi wayar da ke aljihunmu. Yawancinmu ba za mu taɓa buɗe ko ɗaya cikin littattafan nan ba. Amma in mota ta kife a hanya, ko 'yan bindiga sun faɗa wa ƙauye, kafin a gama haƙa kabari hotunan gawawwaki sun zaga WhatsApp, har cikin zaurukan 'yan ekklesiya. A kan rubuta a ƙasa, a yi addu'a. Wani lokaci akwai dalilin ɗaukar hoton, gama akwai ta'asar da za a yi musunta in ba shaida. Amma shaida wurin masu bincike da masu shari'a a ke kai ta. Mu kuwa mu kan buɗe, mu ƙara girman hoton da yatsa biyu, mu tura wa mutum goma, mu koma kan tuwonmu. Wannan jinin ba tawada ba ne. Wanda ke kwance cikin hoton yana da suna, yana da uwa, wani lokaci kuma a wayar maƙwabciya ta ke fara ganin ɗanta.